Sifirin Bawul a Kotagiri

Babur ɗin ya girme ni da shekara goma sha ɗaya.
Shi ke hawa da madarar gidanmu ta cikin gonakin shayi,
tulun ƙarfe biyu, dama da hagu,
tun gajimare na kwance a kan hanya.

A kwana ta bakwai, inda titi ke miƙewa tsaye,
nan ya fara yi mini gardama.
In na murɗa totur sai ya yi tari,
ya yi ƙarar cokula cikin kwano,
ƙarfinsa ya zube kamar an huda buhu.

Kawu Thangavelu bai ɗauki sifana ba tukuna.
Ya kara bakin sukundireba a jikin inji, ƙotar a kunnensa,
ya lumshe ido kamar mai satar jin hira ta bango.
Ya ce, "Poongodi, bawul ɗinki ba ya komawa gida da wuri.
Sifirin ya gaji.
Ana danna shi, yana dawowa, amma da jan ƙafa."

Muka sauke tanki, muka kwance kan silinda.
Noti ɗaya ya ƙi, sai da ya sha kananzir.
Kawu ya tsayar da tsoho kusa da sabo a kan gilashi:
tsohon ya rage tsawo, kaurin farce biyu,
ya karkace kamar ɗan dakon da ya saba da kafaɗa guda.
Shekara talatin da bakwai yana durƙusawa yana miƙewa
cikin duhu da zafin mai,
ba wanda ya taɓa ce masa sannu.

Ni mai jan fenti na so, mafi tauri,
irin wanda samarin Coimbatore ke sa wa na tsere.
Ya juya shi a tafin hannu, ya mayar cikin kwali.
"Zai rufe bawul, ba musu,
amma kafin damina biyu ya cinye kam ɗin.
Ba a ɗaura wa tsoho ɗamarar saurayi."
Ya ɗauki na tsakiya, ya auna,
ya shimfiɗa siririyar wosha a gindinsa, ya sake aunawa,
ya danne shi, ya ce in leƙa tsakanin zobba,
ko haske na wucewa.

Sai 'yan makullan nan biyu, kamar ɓarin gyaɗa.
Yatsuna duk santsin mai.
Ɗaya ya kufce, tas! a kwanon rufi,
daga nan shiru.

Ruwa ya kece a waje.
Muka rarrafa, ni da mai shekara saba'in,
da tocila, da maganaɗisu ɗaure a zare,
ƙarƙashin benci, cikin tsummoki, bayan tsohuwar taya.
Bai yi faɗa ba.
Da ya yi, da ya fi mini sauƙi.
Da gwiwa ta gaza ya zauna,
ya jawo kofin shayinsa da ya huce,
ya kurɓa, ya tsaya cak,
ya tofo abin a tafin hannu.
Ya ce, "Sukarin yau da tauri yake."

Ya ɗiga giris a bakin sukundireba,
ya manna makullin, ya miƙo mini.
"Ke za ki sa.
Idona ya daina ganin wannan tsagin tun bara."
Ban sani ba.
Duk Kotagiri ba wanda ya sani.
Na riƙe numfashi, na zura,
na ji ya zauna, ƙas.

Da asuba na buga kik sau uku, ya amsa.
A kwana ta bakwai na murɗa ina jiran tari,
sai ya ja, ya ci gaba da ja,
tuluna na ta surutu a bayana.

Da na sauko, Kawu na bakin gareji, kai a karkace.
Ya ce ya bi ni da kunne har kwana ta tara.
"Bawul ɗin fitar hayaƙi yana son a ɗan sassauta masa.
Kawo shi nan. Riƙe mini tocilar."