Kwalba Uku Daga Dadin Kowa

Kawu Talle ya yi dariya har filafili ya kusa suɓuce masa
da na ce ba kifi na zo kamawa ba, ruwa na zo ɗiba.
"Ke da boko! A bar birgi a gida, a zo kogi da kwalba?"
Na cika uku. Ɗaya a gindin madatsa,
ɗaya inda mata ke wanke-wanke,
ɗaya can tsakiya, inda ya ce gorarsa ba ta taɓa ƙasa.

Tun muna yara ake cewa ruwa ba ya riƙe sawu.
Ashe yana riƙewa.
Duk kifin da ya gifta ya bar yauƙinsa,
cikin yauƙin akwai ƙwayar halitta,
rubutun da ya gada tun kaka da kakanni,
ƙanana har ido ya gaza.
Na tace, na kulle a ƙanƙara, na aika.
Wata biyu ina jira kamar mai bin bashi.

Ran da takarda ta iso na koma bakin ruwa,
na karanta masa yana ɗinkin koma.
Karfasa. Ya gyaɗa kai.
Tarwaɗa, ƙurungu, kawara.
Saniya. Ya ce, "Ta Jauro ce, nan take sha."
Ɗan Adam, a kwalba ukun duka.

Sai wani suna da ban zata ba:
kifin teku, ɗan ruwan gishiri,
wanda bai taɓa jin labarin Gongola ba.
Na kwana uku ina zargin na'ura.
Inna Kande ce ta warware mini, tana juya mai a kasko:
"Na kwali ne, 'yar nan. Nan nake wanke shi.
Na dam ɗin ya yi tsada, kuma ina yake?"

To, ga cinikinmu da teku, mu da ba mu taɓa ganinta ba.
Ledar da ta kuɓuce wa yaro a mashaya
ta bi Gongola, ta gaida Binuwai, ta shiga Kwara,
ta isa can ba ta ruɓe ba.
Ita kuma ta aiko mana 'ya'yanta a daskare,
a bayan tirela, idanu buɗe.

Kawu ya ciji zare, ya tofar.
"Yauni fa?"
Na bi layi da yatsa, na sake bi.
"Na taɓa kama wanda ya kai tsawon ƙofar ɗaki,
shekarar da aka haifi uwarki."
Na ce wataƙila bai bi ta inda na ɗiba ba,
kwalba uku ba su ne kogi ba.

Bai amsa ba. Ya naɗe komarsa.
Da asuba sai ga ƙwanƙwasa a ƙofa:
shi ne, da filafili a kafaɗa
da tsohuwar kwalbar man gyaɗa, ya wanke ta tas.
"Taso. Akwai wani gurbi bayan duwatsu."