Minti Goma Sha Ɗaya

A titin Santa Ifigênia, cikin São Paulo,
shagona bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba.
Ruwan la'asar na dukan rumfa
Edivaldo ya shigo da rigar direban bas,
ya rungumo tsohuwar na'urar gem cikin tawul
kamar mai kai jinjiri asibiti.

"Dona Marlúcia, lafiya lau take tashi,
sai wasa ya yi daɗi ta ɗauke.
Jiya 'yata na gab da cinye ni, allo ya yi baƙi.
Har yanzu ba ta yi mini magana,
wai ni na zare waya."

Ban taɓa sukudireba ba tukuna.
Mai gaggawar buɗe ciki shi ke ɓatar da noti.
Na jona, na kunna, na aje agogo a gefe,
na kwantar da kunne a kan murfi.
Fanka na juyi, amma da gurnani,
irin minsharin tsoho mai mura.
Na kara bayan hannu a ramukan iska:
shiru.
Wuta na ci a ɗaki, hayaƙi bai sami ƙofa ba.

A minti na bakwai launuka suka fara rikici,
koren zare ya tsaga fuskar ɗan wasa.
A na tara sauti ya maƙale a harafi guda.
Sha ɗaya: duhu.
Na bar ta ta huce, na sake. Sha ɗaya.
Na sake.

Ciwon da ke cika alƙawari haka, zafi ne.
Tsagaggiyar dalma ba ta duba agogo,
zuwa take ba sallama.

Noti shida, ɗaya ya cinye kai, ya ba ni wuya.
Ciki kuwa ƙura ta yi kirtani,
da gashin wata kyanwa da ta daɗe da barin duniya.
Farin man da ke kwashe zafi daga ƙwaƙwalwa
ya bushe ya zama ƙanzo.
Kafasito biyu sun kumbura kamar kaska ta ƙoshi,
ɗaya ya yi yoyo, yana ƙarnin kifi.
Na ɗora mita, allura ta hau, ta yi rawa, ta zame.

Duk wannan tsufa ne, na saba gani.
Abin da ban saba gani ba
yana can bayan fanka, manne da ragar iska:
takarda, ninki takwas, ta gasu ta yi ja.
Da hantsaki na zaro ta.

"Zuwa ga mahaifiyar Edivaldo.
Ɗanki barci yake a aji kullum.
Ki zo ranar Litinin mu gana.
Malama Zenaide."

Ya yi dariya har da riƙe kanta,
sannan dariyar ta tsaya masa a wuya.
"Ta ramin nan na tura ta. Ina ɗan shekara goma."
Ashe shekara ashirin da ɗoriya
baiwar Allah da hanci guda take numfashi,
tana rufa masa asiri.
Ramin ƙarya ƙurarre ne, an ce.
Wannan bai kai tsawon yatsa ba.

Na share, na goge da sifirit,
na shafa sabon mai, kwatancin ƙwayar shinkafa,
na sauya kafasito, na ɗiga wa fanka mai.
Awa guda tana aiki.
Iska mai ɗumi na lasar hannuna.

Na faɗa masa gaskiya: allon ya sha gashi,
akwai wani lungu da ya yi duhu, ban yarda da shi ba.
Wata shida ko shekara shida, ban sani ba.
Kar a ɗora ta kan kafet. A bar mata sarari ta baya.

Ya biya. Ya ninke takardar yadda take,
ya sa a aljihun gaba, wajen lasisi.
Ran Lahadi, in ji shi, a gidan tsohuwa zai ci wake,
zai miƙa mata saƙonta.

A bakin ƙofa ya juyo:
"Yanzu ke nan yarinyar nan za ta cinye ni?"
Na ce, "Wannan kuma ba gyarana ba ne."