Takardar Gwaji, Wata Tara Bayan Tiyata

Babana a gaban gasasshen ɗan akuya ya faɗi,
a kasuwar Juárez, wuƙa na hannunsa,
yana da hamsin da biyu a duniya.
Ba jinya, ba sallama, ba wasiyya.
Aka ce maiƙo ne ya toshe masa jijiya.

Ni Evaristo, teɓarsa na gada, ban gaji rumfar ba.
Shekara ashirin ina jan bas a Monterrey,
sitiyari na gugar mini cibiya.
Matakala uku, sai in tsaya
ina sauraron ƙirjina yana kakari
kamar injin da aka hana wa juyen mai
aka kuma ce ya hau tudu da kaya.

Likita Zulema ta zana cikina a bayan ambulan.
Ta ce, nan za mu ɗinke, mu bar maka kamar ƙwai,
mu ɗauko hanji mu haɗa,
abinci ya riƙa yanke hanya.
Na ce ai ratse sana'ata ce.
Ofelia ba ta yi dariya ba,
carbi take ja tana kiran Maryamu,
idonta na kan allon bugun zuciya.

Sati uku romo nake sha da ƙaramin cokali.
Ran Lahadi hayaƙin gashin maƙwabta ya tsallako katanga,
na shige banɗaki na kunna famfo
don kada yara su ji ƙato na kuka saboda tsoka ɗaya.

Yau ga takardar.
Mugun maiƙon ya sauko,
mai kyan, wanda ke bin jijiya da shara kamar tsintsiya,
ya ɗan ɗago kai.
Hanta, in ji ta, ta sauke nata kitsen,
tana tsamo maiƙo daga jini
tana mai da shi ruwan madaciya.
Na miƙe zan rungume ta, ta ɗaga biro:

Zauna tukuna.
Tsatsar da ta riga ta kama bututu
ba wuƙata ce za ta kankare ta ba.
Haɗari ya ragu, bai yi ƙaura ba.
Ƙwayar dare tana nan, da tattaki bayan aiki.
Gadon babanka ba a tumbi kaɗai yake ba,
yana cikin jini, can inda almakashina bai kai ba.
Na ce to. Ba daɗi, amma gaskiya.

Na huda bel ɗina sau biyar da ƙusa.
Fatar hannuna na reto kamar rigar aro.
Dutsen nan mai kama da sirdi
da na yi shekaru ina hange ta gilashin mota,
na taka gindinsa da ƙafata shekaranjiya.

Watan gobe zan cika hamsin da biyu.
Ranar tunawa da matattu zan kai wa Baba furanni
da cinyar ɗan akuya a takarda.
Zan ci loma biyu, in tauna a hankali,
sauran in bar masa a kan kabari.
Shi yanzu ba abin da zai toshe masa.
Ni ina da fasinja da asuba, sai in juya.