Kalmar Gidan Murdo

A ƙamus na same ta zaune, ta naɗe ƙafa:
mind, wato hankali.
Na rufe littafin, na ɗauka mun gama.

Ashe a Arbroath kalmar ba ta da wurin zama.
A tashar jirgin ƙasa hattara ce,
tana nuna min ramin da ke tsakanin dakali da ƙofa.
A shagon bandar kifi, inda hayaƙi ke raka kowa gida,
da ita Elspeth ta miƙo min jaririnta:
kula min da shi, in juya kifin nan.
Wani dattijo a bas ya tambaye ni da ita
ko zan damu in ya buɗe taga.
Na ce e, ina nufin bismilla.
Ya janye hannunsa. Muka sha gumi har Dundee.

Sai lamba tara, layin bakin teku,
inda nake zuwa da safe in yi wa Ishbel wanka.
Likita ya rubuta cewa nata mind ɗin na janyewa,
yadda ruwa kan janye
ya bar kwale-kwale kwance a laka.
Shekara talatin da ɗaya tana koyar da lissafi,
yau cokali take juyawa tana neman sunansa.

A nan na ga fuskar da ƙamus bai nuna min ba.
A bakin tsofaffin gaɓar nan, mind tunawa ce.
Murdo kan jawo kujera, gwiwarsa na ƙara,
ya ce, Mind, Ishbel?
Rawar nan a zauren masunta, da takalminki ya tsinke?
Karen nan namu mai ido ɗaya?
Takan dube shi da ladabi,
irin kallon da ake yi wa mai karanta mita.

Ran wata Laraba kofin shayi ya suɓuce masa.
Ya tsaya kan fasassun, kafaɗunsa na rawa,
ba don kofin ba.
Ta miƙa hannu ta shafa bayan nasa,
ta ce, Never mind.

Ba komai, ke nan. Kowa ya san haka.
Amma a harshen gidan nan
ai kada ka tuna ta ce masa.

Ban san wanne ya ji ba.
Na matse tawul, na tafi neman tsintsiya.