Ɓauren Randa

Ɗan reshe ne, ko taƙi bai kai ba,
Ilu ya kawo, ran kasuwar Shuwarin,
A jiƙaƙƙen buhu, ta tagar mota,
Ya ce, "Yaya, binne shi, yana tsirowa."

Na ce, "Ɓaure? Ga shi can a fadama,
Jemage ya ci, ya bar wa yara saura,
Ka ɓare shi, ƙwari su tashi."
Ya ce, "Wannan tin ne, da shi aka yi rantsuwa."

To, tsakar gidanmu ta gara ce.
Ta ci min lemo, ta ci gwaiba biyu,
Har ƙafar gadon Malam ba ta bari ba,
Wa zai ba ta ajiya, ya yi barci ba damuwa?

Sai randar Inna, wadda ta tsage a gindi,
Shekara shida tana kife bayan rumbu.
Na tashe ta, na ce, "Hutu ya ƙare, tsohuwa."

Tsakuwa a ƙasa, yashi daga rafi,
Jar ƙasa kwano uku,
Kashin tumaki wanda ya shekara,
Na ɗora ta kan duwatsu kamar murhu, na barbaɗa toka,
Don gara ta zo, ta rasa hanyar hawa.

Rijiyarmu gaba goma sha biyu ce,
Ba ni da ruwan ɓarna. Sai na kai buta can,
Sau biyar a yini ina alwala a kansa,
Abin da ya zubo daga hannuna ya ishe shi rayuwa.

Kwana goma sha tara, ba motsi.
Lantana ta leƙo ta kan danga,
Ta ce, "Tasallah ta dasa muciya,
Bana za mu ga tuwo a reshe yana fitowa."

Ran na ashirin, ido ɗaya ya buɗe,
Kore shar, kamar kunnen ɓera,
Sannan ganye mai yatsu biyar, mai kaushi,
Kamar tafina da taɓarya ta gama murzawa.

Akuyar Barau ta shigo ran wata Laraba,
Cikin ganye bakwai ta bar min biyu.
Ban yi faɗa ba. Na saro ƙaya na kewaye,
Da yamma na gaishe shi, gaisuwa dai, gaisuwa.

Da sanyi ya shigo sai ya tuɓe,
Ganye ya yi rawaya, ɗaya bayan ɗaya.
Na ce shi ke nan. Na sa farce na kankare ɓawo,
Sai ga kore, da farin nono mai ƙaiƙayi.
Ashe barci yake, ni ce mai gaggawa.

Shekara ta biyu randa ta yi masa kaɗan,
Ciki ya naɗe kamar gammo.
Na fasa randar Inna da hannuna,
Na yi ɗan hawaye, ba wanda ya gani,
Na mai da shi rabin duro, na rage masa saiwa.

'Ya'ya huɗu a hammatar ganye.
Na ɗaure su da tsumman gidan sauro,
Duk da haka tsuntsu ya cire zakkarsa.
Uku suka yi laushi, wuya ya langaɓe, zuma na ɗigowa.

Ɗaya na Ilu, na rufe a kwano.
Motarsa ta lalace a Gaya,
Ya kwana uku, ya zama rabon tururuwa.

Ɗaya na kai wa Lantana da kaina.
Ta ɓare tana neman ƙwari,
Ja wur, babu ko ɗaya. Ta tauna, ta yi shiru,
Ta ce, "Muciyar nan, ana samun reshe kuwa?"

Na ukun na ci a tsaye, bayan la'asar,
Ban kira kowa ba.

Jiya da asuba ta buga min danga,
"Tasallah, nawa na bokitin fenti ya zubar da ganye!"
Na ce, "Rage masa ruwa, ki sa farce ki duba,
Ki koma ki kwanta, yana dawowa."