Tukunyar Laraba a Gummi

Tun hantsi nake layi a asibiti.
Malama ta naɗa wa Tumba abin awo a dantse,
ya tsaya kan ruwan ɗorawa.
Na dangwala yatsa, aka miƙo mini
garin masara da waken suya, mai kwalba guda.

"Na yarinyar ne kaɗai."
Na ce to.

A gida Ɗahiru da Bashari sun tsuguna gindin murhu,
baki buɗe kamar 'yan tsaki.
Tukunya ta san sunan wa aka rubuta?

Na kwashe na Tumba tun yana da kauri,
sannan na ƙara ruwa,
na tsinko zogalen bayan ɗaki, na murza daddawa,
na sake ƙara ruwa.

Ƙanzon nawa ne.
Sai Bashari ya ganni ina kankara.