Ɓauna Ba Ta Iso Ba

A Jidda, bayan la'asar,
in iskar teku ta taso da ɗanɗanon gishiri,
mukan zauna a bakin garejin Haladu a Sana'iyya,
kowa da kofin shayi a hannu baƙi ƙirin,
muna cinikin motar da ko jirginta bai taso ba.

Ɓauna muka raɗa mata.
Babu wanda ya gan ta sai a waya,
lulluɓe da ƙyalle kamar ana ɓoye laifi:
ƙugu mai faɗi, goshi a ƙasa, ido a tsuke.

Nafi'u mai fenti ya ce riyal dubu ɗari uku,
har da dukan ƙirji.
Tanimu ya ja tsaki: "Ɗora saba'in a kai.
Ka manta haraji? Ka manta dillali?
Ka manta masu kama layi su sayar wa na baya?"
Ni kuwa ina lissafi a bayan kwalin baƙin mai:
albashina, in ban ci ba, ban sha ba,
ban aika wa Inna ko sisi a Gumel ba,
shekara goma sha bakwai
da ɗan ɗori.
Na nuna musu. Aka yi dariya har shayi ya zube.

Sai gardamar ƙarfi.
Doki ɗari bakwai, in ji wannan,
ɗari takwas da hamsin, in ji wancan.
"Daga nan zuwa Madina kafin kofin nan ya huce!"
"Kafin ya huce kyamarar hanya ta gama da kai,
tara ta fi kuɗin taya."
Wai kujerun jar fata masu hura sanyi a gadon baya,
wai birki mai riƙe kwalta kamar kaska.

To wa zai saya?
Tanimu ya ce kafin a sauke ta a tasha ta ƙare,
yaran daren Alhamis a bakin teku
ba sa tambayar farashi, launi suke tambaya.
Nafi'u ya ce ƙofa biyu ce tak,
mai iyali ina zai sa surukarsa?

Sahabi, autanmu, shi ya ɓata zaman.
Ya ɗaga waya: "Wai babu silinda takwas.
Wai batir ne.
Rurin ma daga lasifika zai fito."

Shiru.

Haladu shekara talatin da huɗu yana nan.
Yakan kafa sandar ƙarfe a jikin inji,
ɗaya bakin a kunnensa,
ya lumshe ido, ya faɗi ciwon kafin a kwance noti.
Kunnen hagu ya riga ya tafi a wannan hidima.
Ya ajiye kofi a hankali, ya ce,
"In ta yi tari, me zan saurara?
Ɓaunar da ke ruri da aron murya
ai ko ciwo gare ta ba za ta faɗa mini ba."

Ya miƙe, gwiwa tana ƙara,
ya nufi tsohuwar da ke lungu,
wadda mai ita wata takwas bai zo ya biya ba.
Ya murɗa makulli.
Kwanon rufi ya ɗauki rawa,
tantabaru suka watse,
na ji ta a haƙorana, na ji ta a cibiya.
Ya ɗora tafin hannu a kan murfin inji
kamar mai duba zazzaɓin jika.

Ladan ya kira magariba, ya kashe ta.

Muna alwala a bakin famfo
Tanimu ya raɗa mini, "In dai batir ne,
ƙara dubu ashirin."
Da na idar da salla na juya kwalin,
na ƙara shekara guda.